FAGEN ZANE: Da Gora, Gwangwani da Kwalin Ashana Ake Gina Mutum

  A makon jiya mun tsaya a kan riƙon fensir da jan layi ba tare da hannu ya yi rawa ba. Yau za mu shiga abin da da yawanku suka fi jin tsoro, wato zanen mutum.

A hutun da ya wuce mun je gida Gulma, a ƙaramar hukumar Argungu. Wata rana bayan la'asar muka tarar da wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zaune a zaure, ga takardu ya dunƙule ya zubar sun kai biyar. Malaminsu ne ya ba su aikin hutu, kowa ya zano masunci a bikin kamun kifi na Argungu. Yaron nan ya san bikin, ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga yadda dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da goruna da homa. Amma da ya sa fensir a takarda, sai ga wani mutum a baje, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙafafu duk sun kalli gefe guda, goran kuma kamar faifai aka manna masa a ciki.

Kakarmu ta zo wucewa ta leƙa, ta ce, "Kai, wannan bawan Allah mota ce ta bi ta kansa?" Muka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ni dai na haƙura. Zane baiwa ce, ni kuwa ba a ba ni ba. In an koma makaranta zan ajiye darasin."

Wannan magana ce ta sa muka rubuta darasin yau, domin mun san akwai irinsa da yawa a cikinku. Mu ma mun taɓa faɗin haka.

Ina matsalar take?

Muka ce ya sake zanawa muna kallo. Ya fara da ido, ya yi hanci, ya yi baki, sannan ya ɗora fensir a kan kunne ya yi ta bin gefen jiki yana gangarowa, kamar mai bin inuwar mutum a bango da gawayi. Kafin ya kai gwiwa takarda ta ƙare.

Kusan kowane mai koyo haka yake farawa, da layin gefe. Shi kuwa layin gefe ba ya zama wuri ɗaya. Mutum ya ɗan juya, ya canza. Ya ɗaga hannu, ya canza. Abin da ba ya canzawa shi ne ginin jikin. Takarda tana da tsawo da faɗi kawai, mutum kuwa yana da tsawo da faɗi da kauri. Yana da gaba, yana da baya, yana da gefe biyu. Aikin mai zane shi ne ya sa mai kallo ya yarda cewa akwai bayan da ba ya gani. Hanya mafi sauƙi ita ce a rushe jikin zuwa 'yan siffofi masu kauri waɗanda muka riga muka sani, a zana su tukuna, sauran abubuwa su biyo baya.

Kaya uku daga cikin gida

Muka aiki ƙanen namu ya kawo abu uku: ƙaramin gora, gwangwanin madara, da kwalin ashana. Ku ma ku nemo su kafin ku ci gaba da karantawa. In babu gora, lemo ko ƙwallo ya wadatar.

Na farko gora. Zana da'ira. Yanzu faifai ce kawai. To ka ja layi mai lanƙwasa ya zagaye cikinta kamar an ɗaura mata igiya, ka ja wani daga sama zuwa ƙasa ya gitta na farko. Nan take faifai ta kumbura ta zama gora. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ne goran yake kallo. Ka matsar da mahaɗar sama, ya ɗaga kai. Ka matsar da ita hagu, ya waiwaya.

Na biyu gwangwani. Riƙe shi daidai idonka, za ka ga kamar kusurwa huɗu ne. Karkato bakinsa kaɗan zuwa wajenka, sai bakin ya bayyana kamar ƙwai siriri. Ƙara karkatowa, ƙwan ya ƙara buɗewa, jikin gwangwanin kuma ya gajarce. In bakin ya fuskance ka sosai, da'ira kawai za ka gani, tsawon ya ɓace gaba ɗaya. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Na uku kwalin ashana. Fuska shida gare shi, amma duk yadda ka juya shi ba za ka ga fiye da uku a lokaci ɗaya ba. Amfanin kwali shi ne ba ya ɓoye inda ya dosa. Da ganin kusurwarsa ka san gaba, ka san gefe, ka san ko daga sama kake kallo ko daga ƙasa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani mai zane ɗan ƙasar Jamus, Albrecht Dürer, ya yi shekaru yana awon jikin mutane, aka buga littattafansa huɗu a kan haka a 1528, shekarar da ya rasu. Luca Cambiaso na birnin Genoa a Italiya, wanda aka haifa a 1527, ya bar zane-zane masu yawa inda mutane suke kamar an harhaɗa su da akwatuna, amma suna gudu, suna faɗa, suna faɗuwa. A Amurka, George Bridgman ya fitar da littafinsa na ginin jikin mutum a 1920, yana koyar da cewa jiki manyan dunƙule uku ne: kai, ƙirji da ƙugu. A nan gida kuma, ɗaliban kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958 da manufar a koyi dabarar makaranta, amma a yi aiki da abin da ke ƙasarmu. Shi ya sa muka ce gora da gwangwani, kuma masuncin Argungu za mu zana.

Kai shi ne mudu

Kafin gini sai awo. Kakanninmu da jikinsu suke awo. Masaƙi yana auna sawaye da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Mai igiya yana aunawa da gaba, wato buɗe hannu biyu. Ka gwada da abokinka a jikin bango: gabar mutum ɗaya ta yi kusan daidai da tsawonsa, kamunsa huɗu ma sun yi kusa da haka.

Masu zane kuwa da kai suke awo, daga tsakar ka zuwa haɓa. Babban mutum yakan kai tsawon kansa sau bakwai zuwa bakwai da rabi. Littattafai da yawa suna amfani da takwas saboda sauƙin rabawa. Jariri kuwa kamar huɗu ne, shi ya sa in ka yi wa dattijo babban kai sai ya koma yaro mai gemu.

Ga wasu alamomi da za ku duba a jikinku:

Tsakiyar tsawon mutum tana inda ƙafafu suka fara, ƙasa da cibiya. Masu koyo sukan gajarta ƙafa.

In ka saki hannu, gwiwar hannu tana sauka wajen ƙarshen haƙarƙari, yatsu kuma suna kaiwa kusan tsakiyar cinya.

Faɗin kafaɗu ya kai faɗin kai biyu zuwa uku.

Ido yana tsakiyar kai. Yawancinmu mukan kai shi can saman goshi, mu manta da ƙoƙon kai.

Tafin ƙafa ya yi kusan tsawon da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ya fi yadda ake zato girma.

Waɗannan jagora ne kawai. Allah bai yi mutane da ma'auni ɗaya ba, akwai dogo, akwai gajere, akwai mai dogon wuya. Ka san ma'aunin, sannan ka dubi wanda ke gabanka ka ga inda ya bambanta.

Mu gina masunci

Ka riƙe fensir sakwa-sakwa, layi ya fita fari-fari yadda gogewa ba za ta yi wuya ba.

Mataki na ɗaya: sa alama a sama inda kai zai tsaya, da wata a ƙasa inda diddige zai taka. Yanzu takarda ba za ta ƙare maka a gwiwa ba. Raba tsakaninsu gida bakwai da rabi.

Mataki na biyu: ja layi ɗaya mai lanƙwasa daga kai zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Wannan shi ne layin motsi. Masuncin da ke jiran a ba da izinin shiga ruwa ba a miƙe yake kamar turke ba, ya ɗan duƙa gaba, yana shirin zabura.

Mataki na uku: ɗora manyan dunƙule uku a kan layin. Gora a sama, shi ne kai, da igiyoyinsa biyu masu nuna inda yake kallo. Babban kwali, shi ne ƙirji. Ƙaramin kwali a ƙasa, shi ne ƙugu. Ka bar sarari tsakanin kwalayen biyu, domin nan ne ciki, nan ne jiki yake lanƙwasa yake murɗawa. Wannan shi ne sirrin darasin yau: kwalayen nan biyu ba safai suke kallon wuri ɗaya ba. Ƙirji ya karkata gaba, ƙugu ya tsaya. Ƙirji ya juya dama, ƙugu yana kallon gaba. In ka jera su daidai da juna kamar bulo a kan bulo, gunki za ka samu.

Mataki na huɗu: wuya gajeren gwangwani ne, kuma yana ɗan karkata gaba. Sa ƙananan ƙwallaye a gaɓoɓi: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, gwiwa, idon sawu. Haɗa su da gwangwanaye, biyu a kowane hannu, biyu a kowace ƙafa, kowanne yana sirancewa yayin da yake gangarawa, kamar rake daga gindi zuwa kai. A kan kowane gwangwani ja layi ɗaya mai lanƙwasa kamar awarwaro, ya nuna ko ya nufo ka ko ya nufi baya.

Mataki na biyar: tafin hannu ƙaramin kwali ne, kada ka damu da yatsu tukuna. Ƙafa kuma kamar sabulun da aka yanka a karkace, tudu a wajen idon sawu, gangara zuwa yatsu.

Mataki na shida: yanzu kawo babban goran masunci. Ka zana shi cikakke, har da ɓangaren da hannu zai rufe, sannan ka naɗa gwangwanayen hannu a kansa, ka goge abin da ya ɓuya. Abin da ya shiga gaban wani shi ke gaya wa ido wane ne kusa. Homa kuma bakinta baka ne mai lanƙwasa, ragar tana rataye kamar buhu.

Sai bayan duk wannan ne layin gefe zai zo, ya bi ta kan siffofin ya haɗe su kamar yaɓe a kan tubali. Ido da hanci su ne na ƙarshe.

Duƙawa, naushi da ɗaukar kaya

Da zarar ka iya wannan mutum na kwali, duk abin da ake yi a gari ya zama darasi. Ka sauka fadama lokacin dashen shinkafa ka dubi manomi. Kwalin ƙugu yana sama, kwalin ƙirji ya kifa har kana ganin bayansa, goran kai ya leƙa ƙasa, igiyar ido ta koma can ƙarƙashi. Mai bin layin gefe zai rikice a nan. Mai kwali kuwa juya kwalinsa kawai zai yi.

Ka dubi ɗan dambe ya kawo naushi saitin fuskarka. Ka tuna gwangwanin da ya fuskance ka ya koma da'ira? Haka hannun nan zai zama: babban dunƙule a gaba, gajeren gwangwani a bayansa, kafaɗa can ƙarshe. Zuciyarka za ta ce, ai hannu dogo ne, a tsawaita shi. Kada ka saurare ta. Abin da ido ya gani za ka zana.

Ka dubi uwa ta saɓa yaro a ƙugu. Nauyinta yana kan ƙafa ɗaya, ƙugun wannan gefen ya ɗaga, kafaɗar wannan gefen ta sauka. In ka saki layi a miƙe daga ramin wuyanta zuwa ƙasa, zai faɗi kusa da ƙafar da ke ɗauke da nauyin. In layin ya faɗi nesa da ƙafafu a zanenka, mutuminka faɗuwa zai yi.

To, babbar riga fa?

Ƙanenmu ya yi tambaya mai kyau. Ya ce, "Yaya, mutanenmu ai cikin riga suke. Wa zai ga kwalin ƙirji cikin babbar riga ko hijabi?" Muka ce masa ya rataya rigar Baba a ƙusa, sannan ya tuna yadda take in Baba ya sa ta ran Juma'a. Riga ɗaya ce, abin da ke ciki ne ya bambanta. Yadi yana rataya ne daga inda jiki ya tokare shi: kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwa in an zauna, tsakar ka in mayafi ne. Daga waɗannan wurare ninki yake tasowa ya gangara. Wanda bai gina jiki a ciki ba, buhu zai zana da kai a sama. Don haka ka gina mutumin kwali da layi mara ƙarfi, ka sa masa riga, ka goge na ciki. Tela ma sai ya auna kafaɗa kafin ya sa almakashi.

Wata magana da ba za mu tsallake ba

Mun san a gidaje da yawa ba a son zanen abu mai rai, kuma malamai sun yi bayani a kan haka. Wannan fili ba na fatawa ba ne, mu ma ɗalibai ne. Ka tambayi malaminka na Islamiyya, ka bi abin da iyayenka suka ce. In an hana ka zanen mutum, darasin bai tashi a banza ba. Da gora da gwangwani da kwali ake zana tulu da randa, babur da injin ban ruwa, hasumiyar masallaci da hubbarsa... a'a, mu ce ƙubbarsa, kwale-kwale da rumbu. Ranar da ka samu shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, ka dubi ganguna da kayan su da ke ciki, ka tambayi kanka kowanne gora ne ko gwangwani ko kwali. Mai son zama injiniya ko magini ko likita, duk sai ya iya ganin kauri a kan takarda, kuma zanen darasin Bayoloji da na fasaha zai yi maka sauƙi.

Haka kuma kada ka tsaya kana ƙare wa mutane kallo a kasuwa ko a bakin rijiya kana zana su ba da saninsu ba. Nemi izini. Ƙaninka ko abokinka ya tsaya maka minti biyu cikin kayansa, kai ma ka tsaya masa.

Yadda ta ƙare a zaure

Kwana uku ƙanenmu bai zana masunci ba. Kwalin ashana kawai yake juyawa yana zanawa a bayan tsohon littafin lissafi, yana gunaguni wai an mai da shi ɗan firamare. Rana ta huɗu ya haɗa mutumin kwali na farko, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Na bakwai ya fara tsayuwa da kansa. Ana gobe za mu koma makaranta ya kai wa Kaka sabon masuncin. Har yanzu yatsun kamar na kwaɗo suke, homar ma ta karkace. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "To, wannan kam ya ci tuwo." Darasin dai bai ajiye shi ba.

Bikin Argungu, wanda aka fara a siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Baƙi suna zuwa da kyamarori daga nesa su ɗauki hotonsa. Zai yi kyau a ce 'ya'yan Kabi ma suna da hannun da zai ajiye abin da idonsu ya gani.

Aikin wannan mako

Litinin da Talata: kwalin ashana sau ashirin, kowanne ta fuska daban. Ka zana har da layukan bayan da ba ka gani, kamar kwalin gilashi ne.

Laraba: gwangwani sau ashirin, daga tsaye har ya fuskance ka.

Alhamis: gora sau ashirin da igiyoyinsa biyu, yana kallon sama, ƙasa, hagu da dama.

Juma'a da Asabar: mutumin kwali guda goma, kowanne cikin minti biyu. Mai tsayuwa, mai zama, mai duƙawa, mai gudu, mai ɗauke da kaya. Ban da fuska, ban da yatsu, ban da riga.

Kada ka yaga ko ɗaya. Rubuta kwanan wata a ƙasan kowane shafi, ran Lahadi ka jera na Litinin kusa da na Asabar ka gani da idonka. Da rarrafe yaro kan tashi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko fitila mu haska waɗannan kaya uku, mu ga inda haske ke sauka da inda inuwa ke kwanciya. Ku adana goranku da gwangwaninku. Mu kwana nan.